Wicca da alhakin mutum ɗaya a kan ɓarnar duniya: tambayoyi da amsoshi

Wicca addini ne ƙarami, ɗan bana-bakwai idan aka jera shi da sauran addinai, kuma gidansa Ingila da Amurka. Ni Musulmi ne, aƙidarsu ba tawa ba ce, kuma za ku ga hakan a cikin amsoshin nan. Abin da ya ja ni ga nazarinsu wata tambaya ce da suka daɗe suna kokawa da ita, wadda mu ma ba ta ƙyale mu ba: idan ruwa ya gurɓace, daji ya ƙare, talaka ya shiga uku, nawa ne kason mutum ɗaya a cikin alhakin?

Da farko, mene ne Wicca ɗin?

Ana rubuta shi Wicca, ana furta shi Wika. Wanda ya fito da shi fili wani Bature ne mai suna Gerald Gardner, haifaffen 1884. Ya yi shekaru yana aiki a gonakin shayi da na roba a Siri Lanka da Borniyo da Malaya, daga baya ya zama jami'in kwastan, ya yi ritaya ya koma gida a 1936. Ya ce a 1939 wasu mutane a yankin dajin New Forest, a kudancin Ingila, sun shigar da shi wani tsohon addini da ya daɗe a ɓoye. A lokacin akwai dokar 1735 mai hukunta duk wanda ya yi iƙirarin yana da ikon tsafi. Da aka soke ta a 1951 sai bakinsa ya buɗe, ya buga littafi a 1954, 'yan jarida suka yi masa ca.

Masana tarihi, musamman Ronald Hutton na Jami'ar Bristol, sun bi diddigin labarin, suka nuna cewa sabon gini ne da tsofaffin tubala: an ɗebo wasu daga al'adun karkara, wasu daga littattafan sihiri na Turawa, wasu daga ƙungiyoyin asiri na ƙarni na 19. Da yawa daga mabiyan yau sun karɓi wannan hukunci ba tare da ja-in-ja ba.

Abin bautarsu biyu ne, mace da namiji. Macen suna danganta ta da wata da ƙasa, namijin kuma mai ƙaho ne, na daji da rana. Suna da bukukuwa takwas a shekara masu bin juyawar yanayi, suna kuma taruwa idan wata ya cika. Ba su da saukakken littafi, ba su da shugaba guda. Wasu na zama rukuni-rukuni, a al'adance ba a wuce mutum 13, amma yawancinsu yanzu kowa a ɗakinsa yake ibadarsa. A ƙidayar 2021 ta Ingila da Wales kimanin mutum 13,000 ne suka rubuta Wicca a matsayin addininsu. A Amurka wani bincike na 2008 ya ƙiyasta 342,000.

To ai mayu ne, ko?

Kalmar Turancin da suke kiran kansu da ita, masu fassara kan juya ta su ce maye, kuma daga nan ruɗanin yake farawa. A wurinmu maye shi ne mai kama kurwa, wanda ake cewa ya gaji ƙanƙara a ciki, kuma babu mai ɗaga hannu a kasuwa ya ce shi ne. Mabiyin Wicca da kansa ya zaɓi sunan. Abin da yake nufi da shi ya fi kusa da mai haɗa saiwoyi, mai addu'o'i na tsafi, mai bautar ƙarfin da yake gani a cikin halitta. Ba sa bautar Shaiɗan, sun ce ma babu shi a cikin tsarinsu. Wannan bai sauya hukuncin a wurin Musulmi ba: bautar wanin Allah shirka ce, sihiri kuma haramun ne. Kiristoci ma ba su yarda da shi ba.

Akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya game da wannan suna. Baturiya na iya rataya tauraro mai tsini biyar, tambarin Wicca, a wuya ta tafi ofis, doka na kare ta. Tsohuwar da aka jefa da maita a arewacin Ghana kuwa sai ta gudu zuwa Gambaga ta ƙare rayuwarta can, nesa da jikokinta. Wicca ta daɗe tana juyayin mutanen da aka kashe a Turai bisa zargin maita, har an yi zamanin da ake yawo da adadin miliyan 9. Masana tarihi sun ce adadin bai wuce 40,000 zuwa 60,000 ba, tsakanin ƙarni na 15 da na 18, kuma kusan dukkansu Kiristoci ne da maƙwabta suka yi wa ƙazafi. Masu gaskiya a cikinsu sun yar da tsohon adadin, wasu kuma sun juya da muryarsu zuwa ga waɗanda ake tsangwama yau a Afirka da Indiya da Papua New Guinea.

Mece ce dokar tasu ta ɗabi'a?

Layi ɗaya ce, kalma takwas a Turanci. Ma'anarta: muddin ba zai cuci kowa ba, yi abin da kake so. Suna kiranta Rede, tsohuwar kalma mai nufin shawara ko nasiha, kuma suna jaddada cewa shawara ce, babu alƙalin da ke zartar da ita. An fara jin ta a bainar jama'a a wannan siga daga bakin Doreen Valiente, a wani jawabi a 1964. Valiente ita ce matar da ta shiga addinin ta hannun Gardner a 1953 ta sake tsara yawancin addu'o'in da ake karantawa har yau. A 1975 wata mujalla a Amurka ta buga doguwar waƙa da ta ƙare da wannan layi, daga nan ya bazu.

Ba ita kaɗai ba ce. A cikin karatun da Valiente ta tsara an jero halaye takwas, bibbiyu: kyau da ƙarfi, iko da tausayi, daraja da ƙanƙan da kai, raha da girmamawa. Ana son kowane ya riƙa taka wa ɗan'uwansa birki.

Wannan ba lasisin sheƙe aya ba ne? Kowa ya yi abin da ya ga dama?

Haka take kama da farko, kuma akwai waɗanda suka shiga saboda haka. Amma ka riƙe rabin farko na maganar ka bi shi a hankali, za ka ga inda yake kai mutum.

Wane ne "kowa"? Yawancin malamansu sun ce har da kai kanka, don haka wanda ke kashe jikinsa da ƙwaya ya karya ta ko da bai taɓa kowa ba. Sun ce har da dabba da bishiya da kogi. Wasu sun ƙara da jikokin da ba a haifa ba. Da zarar an faɗaɗa kalmar haka, sai layin nan guda ya zama dakon da ba a saukewa. Ɗauki wayar da ke hannun mabiyin Wicca a Landan. Batirinta na da ma'adinin kobalt, wanda sama da kashi 70 cikin 100 na abin da duniya ke haƙowa daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo yake fitowa, wani ɓangarensa daga ramukan da ake tonawa da hannu. Rigarsa an ɗinka ta a Bangaladash. Shayinsa wata mata ce ta tsinko ganyen a Kenya ko Assam. Bai mari kowa ba, bai zagi kowa ba, amma kafin ya gama karin kumallo hannunsa ya taɓa rayukan da bai san adadinsu ba.

Shi ya sa suka rabu biyu a kan fassarar. Wasu sun ce umarni ne: kada ka cuci kowa, faƙat. Wasu sun ce a'a, ku karanta da kyau, abin da ta ce shi ne duk aikin da ba shi da cuta halal ne gare ka, kada wani ya hana ka. Aikin da ke da cuta kuwa ba ta ce komai a kansa ba, ta bar ka da hankalinka, ka auna, ka zaɓa, ka ɗauki abin da ya biyo baya. A ganina fassara ta biyu ta fi zama a ƙasa, domin ta farkon babu mai rai da zai iya cika ta. Manomi na kashe ƙwari, likita na yanka, uwa na hana yaro abin da yake so. Muhawarar cin nama ma a nan take: akwai masu ƙin nama gaba ɗaya saboda wannan doka, akwai masu ci suna cewa rai da rai yake rayuwa, sharaɗin dai a san yadda aka yi kiwon dabbar da yadda aka yanka ta.

Kalmar "so" ɗin ma suna da magana a kanta. Sun ce ba kwaɗayin yanzu-yanzu ake nufi ba, ana nufin ainihin abin da mutum ya tabbatar shi ne manufar rayuwarsa bayan ya bincika zuciyarsa. Wannan fahimta sun aro ta daga Aleister Crowley, wani matsafin Ingila da Gardner ya sadu da shi a 1947.

Na ji ana cewa komai mutum ya yi zai dawo masa ninki uku. Da gaske sun yarda da haka?

Da yawa sun yarda, musamman a Amurka, inda Raymond Buckland, wanda ya kai reshen Gardner can a farkon shekarun 1960, ya yaɗa ta. Alheri ko sharri, duk abin da ka aika zai komo sau uku. Bahaushe ba zai sha wahalar gane wannan ba, mu da ke cewa alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi, kuma in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere.

Amma ba kowa ya karɓa ba. Valiente da kanta ta nuna shakka, tana tambayar dalilin da zai sa a ware musu wata doka ta musamman ban da sauran bayi. Wasu na ɗaukar ukun a matsayin jiki da hankali da ruhi, ma'ana aikinka yana taɓa ka ta fuska uku.

Inda nake jin tsoron wannan aƙida shi ne idan aka karanta ta daga baya zuwa gaba. In duk abin da ya same ka naka ne ya dawo, to yarinyar da aka haifa a sansanin gudun hijira me ta aika? Makiyayin da fari ya kashe wa shanu fa? Da sauƙi mai ƙoshi ya mayar da ita hujjar zama a kujera: ai kowa abin da ya shuka yake girba. Masu zurfin tunani a cikinsu sun ga wannan rami, suna cewa dokar gargaɗi ce ga mai shirin aikatawa, kada a mayar da ita sandar dukan wanda ya riga ya faɗi.

Idan babu Shaiɗan a tsarinsu, wa suke ɗora wa laifi?

Kansu. Ba su da aƙidar zunubin gado, ba su da mai ceto da ya ɗauke musu nauyi, ba su da limamin da ake zuwa a faɗa wa laifi ya ce an yafe. Wanda ya yi ɓarna ana sa ran ya amsa, ya je wurin wanda ya ɓata wa, ya gyara abin da ke gyaruwa. Ko a ayyukansu na tsafi ƙa'idar ɗaya ce: da yawa ba sa yi wa mara lafiya addu'ar waraka sai sun nemi izininsa, kuma abin da mu ke kira asirin mallaka, wato a juya zuciyar wani takamaiman mutum ba da saninsa ba, yawancinsu sun hana, domin ƙwace wa mutum zaɓinsa cuta ce ko da sunan soyayya.

Wannan shi ne ƙarfin tsarin, kuma a nan rauninsa yake. Mutumin da shi ne mai laifi, shi ne mai shaida, shi ne alƙali, yana iya wanke kansa tas. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Me ya haɗa wannan addini da kare muhalli?

Aƙidarsu ce ta haɗa su. A wurinsu abin bauta yana cikin halitta, ƙasa jikin allahiyarsu ce, ruwa da iska masu tsarki ne. Idan za su yi ibada sukan share wuri, su zana da'ira, su zuba gishiri a ruwa su yayyafa, su kunna turaren wuta, sannan su fuskanci kusurwa huɗu ɗaya bayan ɗaya: gabas ta iska, kudu ta wuta, yamma ta ruwa, arewa ta ƙasa. A ƙarshe a raba ɗan biredi da abin sha, a zuba kaɗan a ƙasa. Wanda ke yin haka duk wata, da wuya ya ga ana zuba dagwalon masana'anta a kogi ya ce ba ruwansa.

Sai dai wannan launi bai zo tun farko ba. Gardner ɗan ra'ayin riƙau ne a siyasa, kuma addinin da ya bayyana na neman haihuwa da yalwar amfanin gona ne. Sai da Wicca ta tsallaka Amurka ta haɗu da guguwar shekarun 1970, wato fafutukar mata da ta muhalli da aka fara yi wa Ranar Duniya a 1970, sannan aka fara kiranta addinin ƙasa da daji.

Suna aikatawa kuwa, ko daɗin baki ne?

Akwai aiki, akwai kuma abin kunya, kuma dole a faɗi duka biyun.

A Satumbar 1981 masu adawa da nukiliya suka tare hanyar tashar Diablo Canyon a gaɓar tekun Kalifoniya, tashar da aka gina kusa da layin girgizar ƙasa. An kama kusan mutum 1,900 cikin mako biyu. Cikinsu akwai Starhawk, marubuciya kuma ɗaya daga waɗanda suka kafa ƙungiyar Reclaiming a San Francisco, reshen da ya ɗaure ibada da gwagwarmaya wuri guda. An sake kama ta a zanga-zangar Seattle ta 1999 a kan Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, daga baya ta koma koyar da noman da ke raya ƙasa da tattalin ruwa. A Birtaniya kuma, lokacin da gwamnati ta tashi yanka manyan tituna ta cikin dazuzzuka da tuddai, a Twyford Down a 1992 da Newbury a 1996, masu irin wannan aƙida na cikin waɗanda suka gina bukkoki a kan bishiyoyi suka kwana cikin sanyin hunturu. An sare bishiyoyin, an gina titunan. Amma kuɗin tsaro da surutun da abin ya jawo na cikin dalilan da suka sa aka rage shirin gina titunan daga baya. A Ranar Duniya ta 2015 kuma masu irin wannan aƙida suka fitar da sanarwar haɗin gwiwa kan muhalli wadda dubbai suka sa wa hannu.

Yanzu ga ɗaya gefen. Shiga shagon kayan ibadarsu a gari irin Glastonbury na Ingila, za ka ga tebur cike da duwatsu masu ƙyalli, ana cewa wannan na kawo natsuwa, wancan na kawo soyayya. Mai ruwan hoda ɗin nan da ake wawaso, da yawansa daga Madagaska yake, inda talakawa ke shiga ramuka marasa tokari, har da yara, a biya su abin da bai taka kara ya karya ba. A gefe ga ɗaurin wani farin ganye mai ƙamshi da ake kira sej, ana turara ɗaki da shi. A kudancin Kalifoniya da arewacin Baja ta Mekziko yake tsirowa, kuma tsiro ne mai tsarki ga 'yan asalin yankin, mutanen da aka daɗe ana danne musu ibadunsu har sai da aka yi dokar kare su a 1978. Da kasuwarsa ta buɗe, sai ɓarayi suka shiga gandun da aka killace suna tumɓuke shi buhu-buhu. Wato mai neman tsarkake ɗakinsa a Turai ya taimaka wajen tsiraita tudun wasu. Yanzu akwai masu kira a cikinsu cewa kowa ya turara abin da ya shuka a bayan gidansa, ya tsinci dutse a bakin rafin garinsu.

To ina amfanin mutum ɗaya ya takura kansa, alhali manyan kamfanoni ne ke ɓarnar?

Wannan ce tambayar da ta fi kowace nauyi, kuma a kanta nake ganin tsarin Wicca ya kai iyakarsa.

Dokarsu da mutum ɗaya take magana: kai, aikinka, sakamakonka. Ta dace da ƙaramin gari, inda wanda ka cuta ka san fuskarsa. Sauyin yanayi ba haka yake tafiya ba. Wani rahoto na 2017 ya danganta kashi 71 cikin 100 na hayaƙin masana'antu tun daga 1988 da kamfanoni 100 masu haƙar mai da gas da kwal, ko da yake lissafin ya haɗa da hayaƙin da ya tashi lokacin da jama'a suka ƙona abin da kamfanonin suka sayar musu. Ita kanta dabarar cewa kowa ya zauna ya lissafa hayaƙin da rayuwarsa ke fitarwa, kamfanin mai na BP ne ya yi mata gagarumar talla a tsakiyar shekarun 2000. Ba sai an yi dogon tunani ba kafin a ga wanda ke cin riba idan kowa ya duƙufa yana tuhumar kwandon sharar gidansa.

Addinin da ke cewa komai a wuyanka yake, yana da sauƙin faɗawa wannan tarko. Mutum ya sayi kyandir na kakin zuma a maimakon na mai, ya rarraba shararsa, ya ji ya sauke nauyi. Ko kuma akasin haka, ya ɗauki zunubin duniya duka ya ɗora wa kansa har ya kasa barci. Duka biyun ba sa rufe bututun hayaƙi ko ɗaya.

Waɗanda suka fi burge ni a cikinsu su ne suka ce alhakin mutum bai tsaya a abin da yake saya ba, ya haɗa da inda ya ajiye muryarsa da ƙuri'arsa da lokacinsa. Starhawk ta bambanta iko iri uku: ikon danne wani, ikon da ke tasowa daga cikin mutum, da ikon da ake samu idan an haɗa kai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma ba a taɓa ɗaga jinka ba sai da kowane hannu ya kama gefensa. Abin da zan ƙara, wanda layin nan nasu bai faɗa ba, shi ne alhaki gwargwadon iko yake. Afirka gaba ɗaya ba ta fitar da kashi 4 cikin 100 na hayaƙin duniya. Matar da ke girki da itace a ƙauyen Damagaram saboda ba ta da kuɗin gas, da shugaban kamfanin mai, ba za a ɗora su a sikeli ɗaya ba, ko da kowannensu ya ƙona wani abu yau.

Idan mutum ya ga zalunci ya yi shiru, ya karya dokar?

A zahirin lafazi bai karya ba, domin a kan abin da ka yi take magana. Wannan giɓi ne babba, kuma sun san da shi. Da yawa sun cike shi da cewa ƙin aikatawa ma aiki ne: wanda ya ji ana dukan maƙwabciyarsa ya ƙara sautin rediyo, ya zaɓa, kuma zaɓinsa ya cutar.

An yarda su yi wa azzalumi asiri?

A nan rigima take. Gardner ya ba da labarin cewa a 1940 shi da mutanensa sun taru a daji da dare suka yi tsafi don hana Hitler tsallako teku, kuma ana ba da wannan labari da alfahari. A Kalifoniya, Zsuzsanna Budapest, wadda ta kafa reshen mata zalla a 1971, ta fito fili ta ce babu laifi a la'anci mai fyaɗe. Akwai maganar da ke yawo a tsakaninsu cewa wanda bai iya sammu ba bai iya warkarwa ba. A Fabrairun 2017 dubban mutane suka fara wani tsafi na wata-wata don "ɗaure" Donald Trump, suna cewa ɗauri ba cuta ba ne, hana cuta ne. Wasu mabiya Wicca suka ƙi shiga, suka ce ɗaure nufin mutum shi ne ainihin abin da dokar ta hana, kuma kowane mai mugunta yana ganin nasa abokin gabar ne azzalumi.

Wata nasarar da suka samu a fili kuwa ta hanyar lauya da haƙuri ta zo. A 1986 wata kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta amince cewa Wicca addini ne a idon doka, a shari'ar wani fursuna. Bayan an kashe Saja Patrick Stewart, sojan Amurka mabiyin Wicca, a Afganistan a 2005, matarsa ta nemi a sa tambarin addininsa a allon tunawa da shi, aka yi ta jan ƙafa. Da taimakon ƙungiyar Circle Sanctuary aka kai ƙara, a 2007 ma'aikatar tsofaffin sojoji ta amince.

Wannan doka ba ta yi kama da hadisin "ba cuta, ba cutarwa" ba?

A lafazi sun yi kama, kuma malaman fiƙihu sun gina babbar ƙa'ida a kan wannan hadisi, cewa ana gusar da cuta. Bambancin yana tushe. A Musulunci Allah ne ya shata halal da haram, hana cuta kuma yana aiki a cikin wannan shinge, tare da wajibai da ba su jiran ra'ayin mutum: zakka, haƙƙin maƙwabci, umarni da kyakkyawa da hani da mummuna, har da kau da ƙaya daga hanya. A Wicca mutum ne ke shata shingen da hannunsa. Giɓin shiru da na ambata a sama, mu an riga an toshe mana shi da nassi. Sai dai in muka dubi magudanun ruwanmu da leda ta cushe kafin damina, za mu ga cewa samun nassi daban, aiki da shi daban.

Ka taɓa ganin wanda ya ɗauki wannan doka da gaske?

Na gani sau ɗaya, kuma ba a wurin zanga-zanga ba. Kusa da Avebury a kudancin Ingila, ƙauyen da ke cikin da'irar manyan duwatsun nan na mutanen da, akwai wata maɓuɓɓuga da bishiya a bakinta. Masu ziyara kan ɗaura ƙyalle a rassanta su yi fata. A al'adar asali tsumman auduga ko na ulu ake ɗaurawa, ya ruɓe da kansa. Yanzu ribbon na roba ake sayowa, wanda ba ya ruɓewa, yana shaƙe reshe yayin da yake kauri, tsuntsu kuma na iya sarƙewa a ciki. A ƙasa ga gwangwanayen ƙananan kyandirori sun cika gindin bishiyar.

Da safe na tarar da wata dattijuwa cikin takalmin roba, da almakashi da tsohon buhu. Tana kama kowane ƙyalle ta murza shi tsakanin yatsu. In auduga ce ta bar shi, in roba ce ta yanke ta jefa a buhu. Na gaishe ta, na tambaye ta ko ma'aikaciyar wurin ce. Ta ce a'a, ita ma a nan take ibada, kuma shekarun baya ita ma ta ɗaura irin waɗannan kafin ta san abin da suke yi wa reshe. Na ce, to masu ƙyallen ba za su ji haushi ba, an yanke musu fatansu? Ta ce wasu na ji, har an taɓa yi mata faɗa, ita ma takan tsaya ta yi tunani kafin kowane yanka, domin ta san wani ya ɗaura shi ne yana kuka. Ta nuna mini wani reshe da zaren roba ya nutse cikin ɓawonsa har ya yi masa zobe. Ta sa bakin almakashin a hankali ta ciro shi, sannan ta miƙo mini bakin buhun in riƙe mata, ta matsa zuwa reshe na gaba.